Janar Ibrahim Bare Mainasara da Kotun Ƙoli: shekara uku tsakanin hukunci da bindiga

Ranar Laraba 7 ga Afrilun 1999, Kotun Ƙolin Nijar ta soke sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi a wurare da dama, ta ce a sake. Kwana biyu bayan haka, ranar Juma'a 9 ga wata, aka harbe shugaban ƙasa Janar Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin saman Yamai. Shekara uku kafin nan, ranar 26 ga Janairun 1996, an kai wa wannan kotu buƙatar ta sauke wani shugaban ƙasa daga kujera, kuma washegari Bare ya karɓe mulki. Duk wanda zai ba da tarihin wannan soja haifaffen Maraɗi dole ya bi ta ƙofar kotun, domin daga gabanta mulkinsa ya fara, ita ta tabbatar da zaɓensa, kuma hukuncinta ne labari na ƙarshe da ya mamaye ƙasa yana raye.

Daga Maraɗi zuwa barikin soja

An haifi Ibrahim Bare a Maraɗi ranar 9 ga Mayun 1949, lokacin Nijar na ƙarƙashin mulkin Faransa. Asalin gidansu Douméga ne, a ƙasar Arewa, yankin Dogondutsi. Ya shiga aikin soja a 1970, ya samu horon hafsa a Madagaskar. Yana cikin ƙananan hafsoshin da suka mara wa Seyni Kountché baya a juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974, wanda ya kawo ƙarshen mulkin Diori Hamani.

Kountché ya jawo shi kusa. Ya zama dogarinsa, daga baya ya riƙe rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, sannan ya jagoranci sojojin laima na Yamai. A ƙarshen zamanin Kountché aka tura shi ofishin jakadancin Nijar a Paris a matsayin jami'in soja. Bayan rasuwar Kountché a Nuwamban 1987, ya riƙe ma'aikatar lafiya a gwamnatin Ali Saibou, kuma a 1990 ya tafi Aljeriya jakada. Ke nan lokacin da aka yi babban taron ƙasa na 1991, wanda ya tuhumi manyan sojoji a bainar jama'a, Bare ba ya cikin waɗanda ke kan gaba a harkar mulki a Yamai. Wannan ya taimaka masa ya shiga zamanin dimokuraɗiyya ba tare da tabo mai yawa ba. Ya yi aiki kusa da firaministan riƙon ƙwarya Amadou Cheiffou, ya yi aiki a fadar shugaba Mahamane Ousmane, kuma a watan Maris na 1995 aka naɗa shi hafsan hafsoshin sojojin ƙasa.

Shugaba da firaminista, kowa da nasa karatun tsarin mulki

Tsarin mulkin da 'yan ƙasa suka amince da shi ranar 26 ga Disamban 1992 ya raba ikon zartarwa gida biyu. Jama'a ke zaɓen shugaban ƙasa, shi kuma ya naɗa firaminista, amma firaministan ba ya iya zama sai da goyon bayan masu rinjaye a majalisar dokoki. Muddin shugaban da masu rinjayen suna ɓangare ɗaya, abin na tafiya. Waɗanda suka rubuta kundin ba su fayyace dalla-dalla yadda za a yi ba idan suka raba hanya.

Mahamane Ousmane na jam'iyyar CDS-Rahama ya ci zaɓe a zagaye na biyu a watan Maris na 1993, ya kayar da Tandja Mamadou na MNSD-Nassara, da taimakon ƙawancen jam'iyyu na AFC. Mahamadou Issoufou na PNDS-Tarayya ya zama firaminista. A Satumban 1994 Ousmane ya fitar da wata doka da ta rage ikon firaminista, Issoufou ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta fice daga ƙawancen. Ousmane ya rusa majalisa, aka koma rumfunan zaɓe ranar 12 ga Janairun 1995, kuma 'yan adawa suka samu kujeru 43 cikin 83. Ya fara naɗa Amadou Boubacar Cissé, majalisa ta kayar da shi da ƙuri'ar rashin amincewa cikin 'yan kwanaki. A Fabrairun 1995 dole ta sa ya naɗa Hama Amadou, mutumin da masu rinjaye suka tsayar. Issoufou ya zama shugaban majalisar dokoki.

Rikicin da ya biyo baya a kan naɗe-naɗe ya fi tsayawa. Manyan muƙamai, irin su shugabannin kamfanonin gwamnati da manyan jami'an mulki, a taron majalisar ministoci ake naɗa su, kuma shugaban ƙasa ne ke jagorantar taron, shi ke sa hannu. Hama na son sauke mutanen tsohon ƙawance ya sa nasa. Ousmane ya daina zama taron ministocin. A watan Yuli Hama ya canza shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardar shugaban ba. A watan Agusta ya jagoranci taron ministoci da kansa, Ousmane ya ce duk abin da aka yanke a wurin ba shi da daraja a gaban doka.

Aka kai maganar Kotun Ƙoli. A Satumban 1995 sashenta mai kula da tsarin mulki ya yanke hukuncin da ya ba kowane ɓangare rabi: firaminista ba shi da hurumin jagorantar taron ministoci sai shugaban ƙasa ya wakilta shi, shi kuma shugaban ba shi da hurumin tsara abin da za a tattauna shi kaɗai ya yi watsi da abin da gwamnati ta kawo. Hukuncin na buƙatar mutum biyu su zauna su daidaita, kuma mutanen biyu ba su da niyyar haka. Ana cikin wannan ja-in-ja ne ma'aikata ke bin bashin albashi, shekara guda da 'yan watanni bayan an karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, kuma tattaunawa da masu ba da lamuni na waje ta tsaya cik.

A Janairun 1996 shekara ta cika da zaɓen majalisa, ana ta raɗe-raɗin Ousmane zai sake rusa ta. Masu rinjaye suka riga shi. Ranar 26 ga wata Issoufou ya nemi Kotun Ƙoli ta bayyana cewa shugaban ƙasa ya kasa gudanar da aikinsa. Kotun ba ta samu damar amsawa ba. Ranar Asabar 27 ga Janairu, Kanar Bare ya fito da sojoji, aka tsare Ousmane da Hama da Issoufou, aka jingine tsarin mulki, aka kafa majalisar mulkin soja ta CSN.

Zaɓen Yuli da hatimin kotu

Da farko mutane da yawa sun yi ajiyar zuciya, saboda an gaji da rigimar. A watan Fabrairu shugabannin uku da aka kifar sun sa hannu kan wata takarda tare da Bare, wadda ta amince cewa tsarin mulkin ya kai ƙasa ga cijewa. Bare ya naɗa farar hula, masanin harkar banki Boukary Adji, firaminista, ya kuma nuna cewa gyara ya zo yi ya koma bariki.

Gyaran da aka yi shi ne haɗe ikon zartarwa a hannu ɗaya. Tsarin mulkin da aka kaɗa wa ƙuri'ar raba gardama ranar 12 ga Mayun 1996 ya ba shugaban ƙasa cikakken iko: shi ne shugaban gwamnati, shi ke naɗa firaminista, shi ke sauke shi. A wannan watan Bare ya samu ƙarin girma zuwa janar, kuma ya bayyana cewa zai tsaya takara a matsayin ɗan takara mai zaman kansa.

An yi zaɓen ranakun 7 da 8 ga Yulin 1996. Abokan takararsa huɗu ne: Mahamane Ousmane, Tandja Mamadou, Mahamadou Issoufou da Moumouni Adamou Djermakoye. Tun ba a kammala aikin ba, ranar 8 ga wata, gwamnati ta rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta CENI, tana zarginta da fitar da sakamako kafin lokaci. Aka kafa wata sabuwa mai suna CNE, sojoji suka kwashe akwatunan ƙuri'a, aka yi wa 'yan takarar huɗu ɗaurin talala a gidajensu. Sabuwar hukumar ta ce Bare ya ci tun zagayen farko. Sakamakon ƙarshe ya ba shi kashi 52.22 cikin ɗari, Ousmane kashi 19.75, Tandja kashi 15.65, Issoufou kashi 7.60, Djermakoye kashi 4.77.

Bisa doka, Kotun Ƙoli ce ke da kalmar ƙarshe a kan sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. Ranar 21 ga Yuli ta tabbatar da nasarar Bare, aka rantsar da shi ranar 7 ga Agusta. A takarda, komai ya cika. A idon 'yan adawa da masu sa ido na waje da yawa, kotun ta sa hatimi ne kan zaɓen da aka canza alƙalansa ana tsakar wasa. Faransa ta ci gaba da hulɗa da gwamnatin, Amurka ta janye yawancin taimakonta.

A nan ne batun wanda ke naɗa alƙalai ya shigo. A tsarin Nijar, wanda aka gada daga Faransa, shugaban ƙasa ne ke sa hannu kan naɗin alƙalai, bayan ministan shari'a ya gabatar da sunaye kuma majalisar ƙoli ta alƙalai ta ba da ra'ayinta. Ƙarin girma da sauyin wurin aiki duk ta wannan hanya suke bi. A 1995, da ikon zartarwa ke rabe, kotu na tsakanin ƙarfi biyu, kuma kowane ɓangare na iya fatan ta saurare shi. Daga Mayun 1996 ƙarfin ya koma wuri ɗaya, kuma mai ƙarfin shi ne ɗan takarar da kotun za ta duba zaɓensa. Ko da alƙalan sun yi aikinsu tsakani da Allah, da wuya wanda ya faɗi zaɓe ya gamsu.

Mulki ba tare da amincewa ba

Manyan jam'iyyun adawa suka haɗu a ƙawancen FRDD, suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na 23 ga Nuwamban 1996. Magoya bayan Bare suka cika majalisar, ƙungiyarsu ta UNIRD kaɗai ta samu kujeru 59 cikin 83. A Janairun 1997, bayan wata zanga-zanga a Yamai, aka kama Ousmane da Tandja da Issoufou, aka sake su bayan kwanaki. A cikin wannan shekara aka kafa jam'iyyar RDP-Jama'a domin ta zama gidan siyasar shugaban. Ya canza firaminista sau biyu: Amadou Boubacar Cissé ya gaji Boukary Adji a Disamban 1996, Ibrahim Hassane Mayaki ya gaji Cissé a Nuwamban 1997.

Akwai abin da mulkin ya cimma. An maido da hulɗa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya tun a 1996. An ci gaba da aikin sulhu da 'yan tawayen arewa da gabas, wanda aka fara da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995: an sa hannu kan ƙarin yarjejeniya a birnin Aljas a Nuwamban 1997, da wata a Njamena a Agustan 1998. Waɗanda suka yi aiki da shi na yawan tuna shi a matsayin mutum mai sauƙin kai da saurare. Sai dai bashin albashi bai ƙare ba, yajin aiki bai tsaya ba, sojoji sun yi bore a Diffa da Agadez da Damagaram a farkon 1998 a kan haƙƙoƙinsu, kuma a watan Afrilu na wannan shekara zanga-zangar 'yan adawa ta rikiɗe zuwa tarzoma a Maraɗi da Damagaram.

A ƙarshen Yulin 1998 gwamnati da 'yan adawa suka cimma matsaya kan dokokin zaɓe da hukumar zaɓe. A kan wannan ne 'yan adawa suka yarda su shiga zaɓen ƙananan hukumomi, karo na farko da za su gwada ƙarfi da Bare a akwati tun Yulin 1996.

Zaɓen da talakan karkara ya jira

Wannan zaɓe ya shafi mutanen karkara kai tsaye. A lokacin Aguié da Gidan Rumji gundumomi ne ƙarƙashin Maraɗi, Gazawa kuma tana cikin Aguié. Kantoman da ke mulkin gunduma daga Yamai ake turo shi, kuma can yake ba da bahasi. Harajin kasuwa, gyaran rijiya, ginin aji, rabon fili da shata burtali tsakanin manomi da makiyayi, duk suna hannun jami'in da aka naɗo da sarakunan gargajiya. Manomin gero da gyaɗa da aya a wannan yanki ba shi da zaɓaɓɓen wakilin da zai tambaya ina kuɗin harajinsa suka shiga. Zaɓen 7 ga Fabrairun 1999 shi ne zai ba shi kansilolin da ya zaɓa da hannunsa.

An kaɗa ƙuri'a lafiya a yawancin wurare. Da sakamakon farko ya fara nuna 'yan adawa na kan gaba, sai aka afka wa wuraren tattara sakamako a sassa daban-daban na ƙasa, aka lalata takardu da kayan zaɓe. 'Yan adawa suka ɗora laifin kan magoya bayan gwamnati, suka nemi a bayyana sakamakon bisa kwafin takardun da wakilansu ke riƙe da su. Aka shafe wata biyu ana jiran Kotun Ƙoli.

Ranar 7 ga Afrilu kotun ta soke zaɓen a wurare da dama, ta ba da umurnin a sake. A fuskar doka akwai hujja: alƙali ba ya tabbatar da sakamakon da takardunsa na asali suka salwanta. A fuskar siyasa kuwa, hukuncin ya saka wa wanda ya yaga takarda, ya hana wanda ya ci. 'Yan adawa ba su tsaya auna hujjar ba, domin a wurinsu wannan ita ce kotun da ta tabbatar da zaɓen 1996. Washegari suka nemi shugaban ya sauka, suka kira magoya bayansu su fito.

Ranar Juma'a 9 ga Afrilu da safe Bare ya isa ɓangaren soja na filin jirgin saman Yamai, zai hau jirgi mai saukar ungulu zuwa Inatès, kusa da iyakar Mali. Sojojin rundunar da ke tsaronsa suka buɗe wuta, aka kashe shi tare da wasu daga cikin waɗanda ke tare da shi. Saura wata ɗaya ya cika shekara 50. Firaminista Mayaki ya bayyana abin a matsayin haɗari. Kwana biyu bayan haka kwamandan rundunar tsaron fadar, Daouda Malam Wanké, ya zama shugaban majalisar mulkin soja ta CRN. An binne Bare a Douméga.

Sabbin masu mulki suka jingine tsarin mulki, suka rusa hukumomin jamhuriya, har da Kotun Ƙolin, suka soke zaɓen Fabrairu baki ɗaya. Mutanen Aguié da Tchadoua, na Gazawa da Gangara, na Gidan Rumji da Tsibiri da Chadakori da Gidan Sori da Saé Saboua, sai da suka jira zaɓen 24 ga Yulin 2004 kafin su samu zaɓaɓɓun kansiloli da magadan gari a cikin ƙananan hukumomi 265 da aka kafa a faɗin ƙasa. Gazawa kuma sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta.

Abin da aka gyara, da abin da aka rufe

Tsarin mulkin da aka amince da shi a Yulin 1999 ya nuna an ɗauki darasi. An koma ga raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, amma a wannan karo an fayyace hurumin kowa idan suka fito daga ɓangarori daban. An kuma kafa Kotun Tsarin Mulki mai zaman kanta, mai mambobi bakwai, waɗanda ba mutum ɗaya ke zaɓo su ba: shugaban ƙasa na ba da sunan ɗaya, shugabannin majalisar dokoki ɗaya, alƙalai na zaɓen biyu daga cikinsu, lauyoyi ɗaya, malaman shari'a na jami'a ɗaya, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ɗaya. Wa'adinsu shekara shida ne, ba a sabuntawa.

Shekara goma bayan haka aka gwada wannan tsari. Ranar 12 ga Yunin 2009 kotun, ƙarƙashin jagorancin Salifou Fatimata Bazeye, ta soke dokar da Tandja Mamadou ya kira ƙuri'ar raba gardama da ita domin tazarce. Tandja ya rusa kotun ranar 29 ga Yuni, ya naɗa wata, kuma ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da shi. Canza hanyar naɗin ya samar da alƙalan da suka iya ce wa shugaban ƙasa a'a, amma bai iya tilasta masa ya bi hukuncin ba.

Kundin na 1999 ya ɗauke da wani abu kuma: afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairun 1996 da na 9 ga Afrilun 1999. Layi ɗaya ya wanke Bare daga juyin mulkinsa, ya kuma wanke waɗanda suka kashe shi. Duk ƙarar da iyalinsa suka kai kotunan ƙasa, wannan afuwa ta tare ta. Wanké ya rasu a Satumban 2004 ba tare da ya gurfana gaban alƙali ba.

Iyalin suka garzaya kotun ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO da ke Abuja. Ranar 23 ga Oktoban 2015, shekara 16 bayan kisan, kotun ta yanke hukuncin cewa an tauye haƙƙin Bare na rayuwa, an kuma tauye haƙƙin iyalinsa na samun shari'a, ta umurci gwamnatin Nijar ta biya matarsa da 'ya'yansa da 'yan uwansa diyyar sefa miliyan 435. Kowace ranar 9 ga Afrilu 'yan uwa da magoya baya na taruwa su yi masa addu'a, suna maimaita buƙatar a yi binciken da zai fito da waɗanda suka ba da umurni da waɗanda suka harba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka rasu tare da shi.